Kwalbar da Aka Bari a Zaure

"Ke, zo nan."

Hadiyya ta tsaya cak a tsakar gida, tsintsiya a hannunta.

"Da ke nake. Matso."

Hajiya Rabi, uwar mijinta, tana zaune a kan tabarma ƙarƙashin rumfa tana jan carbi. Ta haura saba'in. Ido ya fara gajiya, kunne ma sai an ɗaga murya. Hanci ne kawai Allah ya bar mata kamar na yarinya.

Hadiyya ta ajiye tsintsiyar, ta zo ta durƙusa. Tsohuwar ta kamo hannunta na dama, ta juya tafin, ta kai hanci.

Ta shaƙa.

Ta sake shaƙa.

"Yau kwana nawa da rasuwar Auta?"

"Casa'in da biyar, Hajiya..."

"Saura nawa ki fita takaba?"

"Talatin da biyar."

"Ashe ba mantawa kika yi ba." Ta saki hannun. "To wannan ƙamshin fa?"

"Lemun tsami na matsa... a kunu."

"Kunun wa? Tun safe ba a dama kunu a gidan nan ba. Kuma tun yaushe lemun kunu ya fara tafiya da ɗoɗɗoya da na'ana'a?"

Daga bakin ɗaki aka yi 'yar dariya. Zinariya ce, 'yar ƙanwar Hajiya, wadda ta tashi a gidan tun tana ƙarama. Tana jingine da ƙofa tana cizon farce.

"Inna, ki ƙyale matar Yaya mana. Ƙila kewar sana'a ce ta kama ta."

"Turare!" in ji Hajiya. "Mai takaba da turare a gidana! Ƙasar kabarin ɗana ba ta gama kwanciya ba!"

"Ki yi haƙuri, Hajiya..."

"Tashi ki ba ni wuri."

Hadiyya ta tashi ta nufi bakin rariya. Ta wanke hannu da sabulu, ta sake wankewa da toka, ta ƙara da sabulu. A karo na uku ƙamshin ya tafi.

Ƙaryar ce ta zauna.

Duk Daura an san Hadiyya da haɗa turare. A wurin kakarta ta koya, humra da turaren wuta, irin waɗanda amarya ke shiga da su ɗaki maƙwabta su san an kawo ta. Amma akwai guda ɗaya da babu wanda ya koya mata, na maza, wanda ta ɗauki shekara tana gwadawa tana zubarwa. Ɓawon lemun tsami ɗanye da na lemun zaƙi, ganyen ɗoɗɗoya, na'ana'a kaɗan, da ɗan tsaure, ciyawar nan mai ƙamshi da ake sarowa a fadama. Ta jiƙa su a sifirit a cikin babbar kwalba, ta rufe, ta bar su sati shida a duhu.

Idan aka buɗe, da farko kamar an yanka lemo a gaban hancin mutum. Kafin ya gama lumshe ido lemon ya ja da baya, ganye ya fito, mai sanyi, irin sanyin ruwan randa da tsakar rana. Ba ya riga mai shi shiga ɗaki, ba ya kuma zama bayan ya fita. Wanda ya shafa da safe, kafin la'asar sai an matso kusa sosai a ji shi.

Don mijinta ta yi shi.

Kabiru, autan Hajiya, dillalin shanu ne a karar Mai'adua, dogo, mai babbar murya, mai kyauta. Bai taɓa zaginta ba a shekara ukun da suka yi, bai kuma taɓa sauraronta har ƙarshen magana ba. Shi turare a wurinsa sai wanda za a ji tun daga bakin titi. Ranar da ta kawo masa 'yar kwalbar, yana zaune a zaure da abokinsa Maharazu, likitan dabbobi. Ya buɗe, ya sansana, ya kwashe da dariya.

"Haba uwargida, ni akuya ne da za ki haɗa min ganye? Maharazu, karɓi. Kai ne abokin masu cin ciyawa."

Ita ma ta yi dariya, don haka ake yi.

Maharazu bai yi ba. Ya ɗiga a bayan hannunsa, ya jira. Abin da ta fara lura da shi ke nan, jiran. Maza ba sa jiran turare, suna sansanawa su yanke hukunci kamar masu taya rago. Shi sai da ya bari lemon ya wuce.

"Akwai wani abu a bayansa," ya ce a hankali. "Kamar lambu bayan an gama ban ruwa. Tsaure ne?"

Babu wanda ya taɓa gane shi. Ko kakarta da ke kabari ba lallai ta gane ba.

"Shi ne," ta ce, ta koma cikin gida da sauri fiye da yadda ta fito.

Babu abin da ya faru bayan wannan. Mace ta ji an fahimce ta sau ɗaya, ta ci gaba da dafa tuwon mijinta. Sai wata Lahadi, ranar kasuwar Mai'adua, ta sake gwadawa. Zafi ake tun da sassafe. Ta ce wa Kabiru ya shafa kaɗan, zai ji sanyi a hanya. Ya ce turaren da ba ya kwana a riga ai ruwa ne, ya fesa nasa, ya tura babur.

Tana tsaye tana kallon bayansa, zuciyarta ta ce, "Da ma..."

Iyakarta ke nan. Ba ta ƙarasa ba. Amma ta san ƙarshen maganar kamar yadda ta san sunanta.

Kafin azahar wata babbar mota ta haɗu da babur ɗin a hanyar Kongolam. Maharazu ne ya kawo gawar.

Tun daga ranar, duk Juma'a bayan an sauko masallaci, Maharazu yakan zo gaida Hajiya. Yakan kawo mata goro da ɗan nama, ya zauna a gefen tabarma, su yi shiru tare. Zinariya takan dama masa fura a kwano mafi kyau, ta ɗaura ɗankwali mafi kyau, ta kawo da kanta. Hadiyya kuwa tana ɗaki, kamar yadda ya kamata, cikin farin mayafi, babu kwalli, babu lalle. Ba ta ganinsa. Iska ce ke shigo mata da shi ta ƙasan labule.

Da haka ta san abin da Zinariya ba ta sani ba. Satin farko ƙamshin turarenta a cike yake a jikinsa. Wata na biyu ya ragu, mutumin ya fara tattali. Wata na uku sai ta ja numfashi sosai kafin ta ji.

Wata Juma'a ya zo ya tafi, ba ta ji komai ba.

Washegari tana sharar zaure ta gan ta. A kan 'yar taga, bayan buta. Kwalbarta ce, babu ko ɗigo a ciki, an wanke ta tas, an mayar da murfi.

Babu takarda. Babu saƙo.

Kowa ya san doka. Namiji ba ya neman mace tana cikin takaba, ita kuma ba ta amsawa, ba ta alkawari, ba ta taɓa turare. Mahaifinta, Malam Hafizu, shekara talatin yana karantar da wannan a zaurensa kusa da rijiyar Kusugu. To amma ai mutumin bai nemi komai ba. Mantawa ya yi da kwalba. Kwalba kuma ba ta magana.

Kwana biyar tana gaya wa kanta haka.

Ranar Alhamis, Hajiya na barcin hantsi, ta jawo babbar kwalbar daga ƙarƙashin gado, wadda ta jiƙa sati guda kafin rasuwar. Wata uku a duhu ya sa ganyen ya nuna fiye da yadda ta taɓa ji. Ta tace da ƙyalle, ta matse da hannu, ta cika 'yar kwalbar har wuya. Tana matsewa tana kuka, amma hannun bai tsaya ba.

Wannan hannun Hajiya ta kama.

Mace mai hankali, bayan an kama ta, da ta zubar da abin a rariya ta yi istigfari. Hadiyya tana da hankali, kowa ya shaida. Ranar Juma'a da safe ta mayar da kwalbar bayan buta.

Da Maharazu ya zo fita, ya tsaya a zaure, ya ɗauka, ya sa a aljihu.

Zinariya tana bayansa da kwanon furar da bai taɓa ba.

Kwanakin suka cika. Aka yi sadakar waina, aka wanke mata kai, ta koma gidan mahaifinta. Hajiya ba ta raka ta ko bakin ƙofa ba. Bayan sati biyu baffannin Maharazu suka zo wurin Malam Hafizu neman izini. Kwana ɗaya tsakani, magana ta cika unguwa: ai tun tana takaba suka ƙulla, ai akwai alama da suke yi wa juna a zaure, ai wa ya sani ma ko tun marigayi na da rai.

Ba a sha wahalar gano bakin da maganar ta fito ba.

Malam ya kira 'yarsa bayan azahar.

"Kin ji abin da ake faɗa."

"Na ji, Baba."

"Gobe bayan la'asar Hajiya Rabi za ta zo. Zan tambaye ki a gabanta. Idan akwai alkawari tsakaninku kina cikin takaba, ba zan ba shi ke ba. Na raba irin wannan a gidajen mutane, ba zan ɗaura shi a nawa ba."

"To, Baba."

"Ban tambaye ki yanzu ba. Ki je ki yi tunani."

Da yamma Maharazu ya zo. Karo na farko ke nan da suka zauna su biyu, ita a bakin ƙofar zaure, shi a kan benci, tsakaninsu tazarar tabarma guda. Ta ji shi tun kafin ya yi sallama. Lemo, sannan ganye. Ta ji kunya kamar an kira sunanta a kasuwa.

"Hadiyya..."

"Malam Maharazu."

"Har yanzu Malam?"

"Har gobe bayan la'asar dai."

Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Babu abin tsoro. Ki faɗi gaskiya kawai. Ban taɓa yi miki magana kina takaba ba, ba ki taɓa yi min ba. Ko lambarki ba ni da ita sai shekaranjiya."

"Kwalbar fa?"

"Na manta da ita, kin ga babu komai ciki, kin cika. Sana'arki ce."

"Ka manta."

"Eh."

"A wanke? Da murfi? A bayan buta, inda mai shara ce kaɗai za ta gani?"

Ya sunkuyar da kai. Wani mai babur ya wuce ta lungu, ƙararsa ta daɗe kafin ta ɓace.

"Ban manta ba," ya ce.

"Na sani."

"Sau uku ina zuwa da ita a aljihu ina komawa da ita. Na ce wa kaina turare nake so. Wallahi har na yarda." Ya murza fuskarsa da tafin hannu. "Kin san abin da ban taɓa gaya wa kowa ba? Ranar da na ɗauko shi daga titi, jininsa a gaban rigata, ƙamshinki a wuyana. Duk hanya ina jin su tare. Abokina ne tun muna allo, Hadiyya. Ni na sa shi a kabari. Kuma ina fitowa daga ramin na tuna da ke."

"Ka daina..."

"Ba zan iya ba. Na gwada."

Ta ja mayafi ta rufe bakinta. Hawaye suka sauko a kan yatsunta.

"Hadiyyata," ya ce, kalmar ta fito masa da ƙyar kamar ya aro ta. "Sanyin idona. Ki amsa abin da aka tambaye ki kawai. Kar ki ƙara komai. Don Allah!"

"Idan na ƙara fa?"

"Zan rasa ki."

"Idan ban ƙara ba?"

Ya kawar da kai. Mutum ne mai gane abin da ke bayan lemo, ba ta yi zaton zai kasa gane wannan ba.

Washegari Hajiya Rabi ta zo, Zinariya na riƙe da hannunta. Aka shimfiɗa musu darduma a ɗakin karatun Malam, tsakanin tarin littattafai. Hadiyya ta zauna can gefe kusa da ƙofa.

"Malam," in ji Hajiya bayan gaisuwa, "ni ba faɗa na zo yi ba. Ɗana ya tafi, ba zai dawo ba. Amma ba zan yarda a ci amanarsa a cikin gidansa, sannan a kira ni cin goro ba."

"Gaskiyarki ne, Hajiya. Wa ya ga abin?"

"Ni na gani!" Zinariya ta yi caraf. "Da idona, Malam! Ta ajiye masa turare a zaure, ya ɗauka yana murmushi. Kuma ba ranar suka fara ba. Tun Yaya Kabiru na da rai..."

"Wannan ma da idonki?"

"Ai... ai kowa ya sani."

"Kowa ba ya ɗakin nan. Ki tsaya a kan abin da kika gani." Ya juya. "Hadiyya. Kin san Wanda ke jin ki."

"Na sani, Baba."

"Mutumin nan ya taɓa ce miki zai aure ki kina cikin takaba?"

"A'a."

"Ke kin taɓa ce masa ya jira ki?"

"A'a."

"Takarda, ko waya, ko ɗan aike?"

"Babu ko ɗaya."

"Marigayi na da rai, wani abu ya taɓa shiga tsakaninku?"

"Wallahi babu."

Malam ya sauke numfashi. Ta ga kafaɗunsa sun sauka, ta gane cewa tsohon nan bai rintsa ba don fargaba. Ya ɗora hannu a gwiwa zai rufe magana. Ƙofar tsira a buɗe take. Abin da ya rage mata shi ne ta yi shiru na ɗan lokaci, wanda ta ƙware a kai tun ranar da aka kai ta ɗakin miji.

"Baba... ban gama ba."

"Na gama tambaya."

"Na cika kwalbar. Ya bar ta da gangan, na kuma san da gangan ne. Na taɓa turare ina cikin takaba, Hajiya ta kama ni, na yi mata ƙarya. Washegari na ajiye masa. Ban ce komai ba, amma na san abin da nake nufi. Shi ma ya sani."

"Kun ji ko!" Zinariya ta tafa hannu. "Da bakinta!"

Babu wanda ya kalle ta.

Hadiyya ta matso da gwiwa har gaban tsohuwar.

"Hajiya, akwai saura. Ranar da zai fita... mun ɗan yi saɓani a kan turaren nan. Ya tura babur, ya ce min sai ya dawo. Ban amsa ba. Ban ce masa a dawo lafiya ba. Ina tsaye ina kallon bayansa, zuciyata tana cewa da ma wani ne ba shi ba. Ko awa biyar ba a yi ba..." Ta juya ga mahaifinta. "Baba, ka bar ni in sake. In koma gidan in sake takabar daga farko, wata huɗu da kwana goma, in yi ta yadda ya kamata. Don Allah!"

Malam ya girgiza kai.

"Takaba ba salla ba ce da za ki rama," ya ce. "Kwanakin nasa ne, sun wuce. Abin da kika ɓata a ciki kin ɓata. Babu wanda zai dawo miki da su, ko ni."

Ta kifa kai a kan darduma.

"Ɗago ki ji sauran. Taɓa turaren laifi ne, ƙaryar ta fi shi. Ki tuba. Shi ma zan kira shi, zai ji daga bakina abin da bai taɓa ji ba, don ya san inda iyaka take, ya je ya tsaya a kanta da ƙafa ɗaya. Amma alkawari da baki ake yin sa. Ba ku yi ba. Na so a ce zan iya hana auren nan, Hajiya, don in huta da bakin mutane. Ba zan haramta abin da ba a haramta ba." Ya dubi Hadiyya. "Maganar zuciya kuma, 'yar nan, ba ke kika tuƙo motar ba. Kar ki ba kanki girman da ba ki da shi."

Ya juya ga tsohuwar.

"Wannan shi ne iyakar abin da na sani. Haƙƙinki kuma naki ne. Ba ni da hukunci a kansa."

Hajiya Rabi ba ta motsa ba. Carbin ya tsaya a hannunta tun ɗazu.

"Ke."

"Na'am, Hajiya..."

"Ba ki ce masa a dawo lafiya ba?"

"Ban ce ba."

"Ni na ce. Ya leƙo ɗakina kafin ya fita. Na ce Allah ya kiyaye hanya, na ce a dawo lafiya. Har sau biyu." Ta ja ƙwayar carbi guda. "Bai dawo ba."

Ta juya ga Hadiyya.

"Don haka ki sauke wannan, ba naki ba ne. Sauran kuwa naki ne, ki riƙe abinki." Ta miƙa hannu Zinariya ta ɗaga ta. "Ki yi aurenki. Amma kar ki roƙe ni gafara yau, ba ni da ita. Kuma ki gaya masa ya daina zuwa min ranar Juma'a. Na ɗauka don Auta yake zuwa."

"Don shi ne, Hajiya, wallahi da farko..."

"Da farko."

"Inna, shi ke nan?" Zinariya ta ce, idonta ya ciko. "Haka za a bar su?"

"Ke kuma wuce mu tafi. Wata huɗu kina dama masa fura, ko launin kwanon bai sani ba."

Suka fita. Hadiyya ta bi su da ido har tsohuwar ta tsallake dokin ƙofa a hankali, tana laluben bango.

Maharazu yana jira a bakin lungu, ya jingina da babur ɗinsa. Da ya ga fitarsu ya ƙaraso zaure da sauri.

"Me ya faru? Hadiyya, me kika ce?"

"Duka."

Ya dafe bango.

"Baba zai kira ka. Ka shirya, ba zai yi maka da sauƙi ba. Bayan nan ka turo baffanninka."

"Ya yarda?"

"Bai hana ba."

"Alhamdu lillahi! Masoyiyata... Alhamdu lillahi!" Ya yi dariya, ya share ido da hannun riga. Sai ya lura ita ba ta yi ba. "Hajiya fa? Ta yafe?"

"A'a. Ta ce kuma kar ka sake zuwa."

Dariyar ta mutu a fuskarsa. Uwarsa ta rasu yana yaro. A gidan nan ya ci tuwon dare shekara da shekaru, a kwano ɗaya da Kabiru.

"Ko da gaisuwar salla?"

"Ba ta ware ba."

Ya zauna a kan benci a hankali.

"To yanzu yaya za mu yi?"

"Haka nan za mu yi."

"Kina so na kuwa har yanzu?"

"Da ba na son ka, ai da na yi shiru a ɗakin can," ta ce. "Ban so in shigo gidanka da ƙarya biyu ba. Wadda na yi wa Hajiya ma ta ishe ni."

An ɗaura auren wata guda bayan haka, ranar Juma'a, ba tare da kiɗa ba. Hajiya Rabi ba ta zo ba, ba ta aiko ba, goron da aka kai mata ta ce a ba maƙwabta. Suka tare a Mai'adua, a wani ɗan gida kusa da asibitin dabbobi. Yana sauraronta har ƙarshen magana. Tana haɗa masa turarensa duk bayan wata uku, mata kuma suka fara saye wa mazajensu, waɗanda yawancinsu suka ce ba ya kwana a riga.

Duk salla Hadiyya takan je Daura ita kaɗai, ta durƙusa a bakin rumfa ta yi gaisuwa. Tsohuwar takan amsa, ta tambayi lafiyar Malam, ta ci gaba da jan carbi. Ba ta taɓa korarta ba. Ba ta taɓa cewa ta zauna ba.

Sun zauna lafiya, yana son ta, tana son sa. Babu ranar da ɗayansu ya ambaci sunan Kabiru a gidan, babu kuma ranar da tunanin Kabiru ya kwana a waje.